Daga Reshen Darbejiya Zuwa Ƙarfen Tan Ɗaya: Ziyara a Ƙaraye da Rogo

A gefen hanyar da ta ratsa Ƙaraye akwai wata darbejiya da na daɗe ina kallo kafin in ce uffan. Reshenta na gabas, mai kaurin cinyar ƙato, sarƙa ta ci shi har ta yi masa gurbi irin wanda igiyar guga ke yi wa bakin rijiya. Ɓawon wurin ya tafi, itacen ya yi baƙi ƙirin da man inji. A jikin sarƙar an maƙala cen-bulok, na'urar ɗaga kaya da sarƙa, a ƙugiyarsa kuma injin tarakta na lilo a hankali. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyar ba yana kwance a kan kwali daidai ƙarƙashinsa, yana kwance noti.

Na gaisa da maigidan garejin, na tambaye shi ko reshen nan ba ya ba shi tsoro.

"Ranka ya daɗe, tun ina yaron gida take ɗauka," in ji shi. "Ba ta taɓa cewa ta gaji ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya dame ni ke nan. Itace ba ya cewa ya gaji. Gara na iya cinye cikinsa bayansa na nan lafiya lau, ranar da zai ɓalle kuwa babu sallama. Injin tarakta mai silinda huɗu yana kai kilo 300 ko fiye. Na roƙe shi ya ce wa yaron ya matsa gefe, ya yi dariya, amma ya ce masa ya matsa.

Ba don darbejiyar na zo ba. Ɗan kawuna ne da ke Rogo ya kira ni a ƙarshen kaka. Ya gama ginin shagon gyaran injuna, ya sayi cen-bulok mai tan ɗaya da ɗan keken da ke gungura shi a jikin ƙarfe, ya ce ya gaji da rataye arzikin mutane a bishiya. "Yaya, kai ka yi aikin rufin ƙarfe. Wane bim zan saya?" Na ce ba a yin aski a bayan mai kai, sai na zo na gani. Muka bi ta Gwarzo muka karkata kudu, muka tsaya Ƙaraye don ɗaukar wani dattijo mai walda da zai yi aikin.

Ƙaraye tsohon gari ne. Tarihin Kano ya ambaci Wambai Giwa, wanda a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, farkon ƙarni na 17, ya mai da garin sansaninsa yana kai wa Katsinawa hari. A 2019 aka ɗaga darajarta ta zama ɗaya daga cikin sababbin masarautu huɗu na jihar, a 2024 aka sake tsari ta zama masarauta mai daraja ta biyu da ta ƙunshi ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo. Amma abin da ya cika garin da ƙarar inji ba sarauta ba ce, ruwa ne. Madatsar ruwan Challawa, wadda kamfanin Julius Berger ya gina tsakanin 1990 da 1992, tana cikin ƙasar Ƙaraye. Tsayinta mita 42, tsawon bangonta kilomita 7.8, tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 904. Na hau kan bangon da yamma. Ruwa shimfiɗe iya ganinka, jiragen masunta kamar ƙwayar gero a kan faifai, a gefe kuma fadamu sun fara kore da tumatir da albasa. Kowane fegi da injin ban-ruwansa yana tari. Ƙara da injunan niƙa, da na casa, da taraktoci, da manyan motocin da ke zuwa kwasar masara, sai ka gane dalilin da ya sa bakanike a wannan yanki ba ya zama. Ƙaramin inji mutum biyu ke ciccibawa. Babba kuwa dole a rataye shi a wani abu, kuma wannan "wani abu" shi ne na ga ba a cika damuwa da shi ba.

A gareji uku da na leƙa a Ƙaraye, ɗaya darbejiya, ɗaya ƙafa uku ta bututun rijiyar burtsatse da aka ɗaure kansu da rodi, na ukun kuma tsohon shasin mota aka gicciya a kan bango biyu. Shasin ya lotsa a tsakiya, ya kuma ɗan murɗe, domin ƙarfe ne mai leɓe ta gefe ɗaya, kaya ba ya sauka a tsakiyarsa. Duk ukun suna nuna mini lambar da ke jikin cen-bulok: tan biyu, tan uku. Wannan lamba ta sarƙa ce da haƙoran da ke cikin kwanson. Ba ta san abin da aka rataye ta a kai ba.

Washegari muka kama hanyar Rogo, ni da dattijon a gidan gaba, injin waldarsa a baya. Ƙasar tana ƙara ja da danshi yayin da kake yin kudu. Karan dawa a tsaye cikin gonaki, buhunan masara jere a bakin hanya, motoci shaƙe da rake suna rangaji. Rogo ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, kuma ana jin haka a bakin mutane da lambobin motocin da ke tashar.

Shagon ɗan kawuna yana bayan gari. Bulo ne mai inci shida, rufin kwano, ƙofa mai faɗin da tarakta za ta shiga. Na ja tef daga bango zuwa bango, mita 6 cif. Kafin in naɗe tef ɗin dattijon ya ce yana da abin da za a yi aikin da shi a arha. A bayan motar, ƙarƙashin buhu, akwai guntayen bim biyu da ya samo wurin 'yan gwangwan, kowanne mita uku da 'yan kai. Na auna tsayinsu, milimita 120. Shawararsa a haɗa su da walda a tsakiya, a huda bango a zura.

"Ɗana, ƙarfe ne fa, ba kara ba. Mu huɗu muka ɗora su."

"Baba, ƙarfe ne. Amma in tambaye ka. A ɗakin soron da aka haife ka, azara nawa ce tsawonta tsakanin bango da bango?"

Ya yi shiru, sannan ya miƙa hannuwansa biyu, ya ɗan ƙara. Ya san amsar sarai. Maginanmu na dā ba sa barin azarar giginya ta tsallake abin da ya wuce kamar mita 2 ba tare da tallafi ba. In ɗaki ya fi haka faɗi sai su fito da tauyi daga bango su rage ratar, ko su kafa ginshiƙi, ko su ɗaura bakan gizo. Babban Gwani Mika'ilu da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 bai sami azara mai ƙarfin da ya fi ta kowa ba. Sanin rata ya fi kowa. Ƙarfe ya fi giginya ƙarfi nesa ba kusa ba, amma dokar da ke kansu ɗaya ce. In ka ninka ratar sau biyu, wahalar da tsakiyar ƙarfen ke sha ta ninku sau biyu, lotsawarsa kuwa ta ninku sau takwas.

Muka zauna a kan benci, na jawo kwalin taliya na fara lissafi da biro, su biyun suna leƙe.

Farko kaya. Tan ɗaya kilo 1,000 ne. Ɗan kawuna ya ce ai ba zai ɗaga abin da ya kai haka ba. Na ce rannan za a kawo injin tirela, shi kuma yana kai tan ɗaya, kuma ranar yana kasuwa, yaransa za su duba lambar jikin cen-bulok su ja. Saboda haka lambar za mu bi. Cen-bulok da kekensa da sarƙar ɗauri muka ba su kilo 40. Sannan akwai fizga. Inji yakan maƙale a jikin giyabos, a yi ta ja, ya kuɓuce gaba ɗaya ya faɗo wa sarƙa. Don wannan muka ƙara kashi 25 cikin ɗari. Jimla kilo 1,300.

Na biyu, inda kayan ya fi cutar da ƙarfe, wato tsakiya. Ana ninka nauyi da rata a raba huɗu. A mita 6 an sami 1,950. A mita 4 an sami 1,300. Wannan adadi shi ake rabawa da wata lamba da kowane girman bim ke da ita a teburin masu ƙera shi, sai a ga kilo nawa ke jan kowane murabba'in milimita na leɓensa na ƙasa. Ƙarfen da ake wa lamba S275 yana fara miƙewa ba komowa in jan ya kai kilo 28. Mai lamba S235 tun a kilo 24 yake sallamawa, kuma wanda ya sayi ƙarfe ba takarda gara ya ɗauka wannan ne a hannunsa.

Na fara da na dattijon, IPE 120, lambar da ke nuna tsayin nan nasa na milimita 120. Ko a rata mita 4, jan ya kai kilo 25. A mita 6 ya kusa 37. Ban ƙara magana ba, na miƙa masa kwalin. Ya daɗe yana dubawa. Ga kuma batun haɗin, wanda zai faɗo daidai tsakiya, inda leɓen ƙasa ya fi shan ja. Waldar da aka yi da ƙaramin janareto, ba a fere bakin ƙarfen ba, takan kama sama ta bar ciki a buɗe, kuma duk ɗagawa da saukewa tana ƙara tsagar kaɗan kaɗan.

IPE 160 a mita 4 ya ba da kilo 12. IPE 200 ya ba da 7, wato rubu'in abin da S275 ke iya jurewa. Ɗan kawuna ya ɗora yatsa a kan 160, ya ce to ai wannan ma ya wuce. A nan ne na fi daɗewa ina bayani, domin a nan ne mutane da yawa ke tsayawa, alhali saura tambaya biyu.

Ta farko lotsawa. Bim ɗin da ya yi ciki, ko bai karye ba, ya zama gangara, kuma keken da ke ɗauke da inji zai gungura da kansa ya nufi tsakiya, ko da hannun wani na tsakanin inji da bodi. Ƙa'idar Ingila ta BS 2853, wadda aka rubuta don irin wannan ƙarfe, ta ce kada lotsawar ta wuce kashi ɗaya cikin 500 na ratar. A mita 4, milimita 8 ke nan. Da tan ɗaya a tsakiya, IPE 120 zai sauka milimita 20, IPE 160 zai sauka 7 da ɗoriya, IPE 200 kuwa 3 da ɗoriya. Na 160 ya tsallake, amma da ƙyar, irin tsallaken da ƙafa ke taɓa ruwa.

Ta biyu murɗewa, wadda ta fi ban tsoro domin ba ta gargaɗi. Na karɓi rula ta ƙarfe daga hannun wani yaro, na tsai da ita a kan kaifinta tsakanin bulo biyu, na danna tsakiya. Ba ta lanƙwasa ƙasa ba, sai ta yi wuf ta kwanta gefe. Haka bim mai tsawo da siririn leɓe yake yi. Leɓensa na sama matse shi ake yi, kuma abin da aka matse yana neman hanyar zillewa. Faɗin leɓen 160 milimita 82 ne, na 200 milimita 100, kuma wannan bambanci da ido ke rainawa yana da yawa a wajen tsayuwa. Da na bi lissafin, 160 a mita 4 yana kan gaɓa, 200 yana da sarari. Shi ma 200 ɗin in aka ja shi zuwa mita 6 ya koma kan gaɓa, lotsawarsa ta kai milimita 11, sai dai a hau zuwa IPE 240.

Rular ta ƙara nuna mana wani abu. Da na kwantar da ita a kan faɗinta, yatsa ɗaya ya lanƙwasa ta. Na taɓa ganin inda aka kwantar da bim a gefensa don ya fi zama daram a kan bango. IPE 200 a kwance ya rasa kusan kashi shida cikin bakwai na ƙarfinsa, lotsawarsa kuma ta ninku fiye da sau goma sha uku. Tsayinsa shi ne arzikinsa.

Dattijon ne ya warware zaɓin, ba ni ba. Ya tashi ya ƙwanƙwasa bangon da guduma, ya ce wannan bulon rami ne a ciki, ba zai ɗauki komai ba, dole a zuba ginshiƙi. Daidai ne, domin in keke ya gungura ƙarshe, kusan dukan kilo 1,300 a kan gefe ɗaya suke sauka, a wurin da bai fi tafin hannu biyu ba. "To tunda ginshiƙi biyu za a yi ko ta yaya," in ji shi, "me zai hana a jawo ɗaya ciki? Tarakta ba ta cin mita shida." Aka tsaya a kan haka: IPE 200, ginshiƙi ɗaya a jikin bango, ɗaya a mita 4, ragowar mita 2 a sa teburin aiki. Abin da maginan ƙauyensu ke yi da azara, shi ya yi da ƙarfe.

Tsayi kuma muka lissafa daga ƙasa. A ɗaga inji ya haye gefen mota, ga tsayin injin da sarƙarsa, ga rabin mita da cen-bulok da keke ke cinyewa. Muka sa ƙasan bim ɗin a mita 3 da rabi.

Na koma Kano, bayan sati biyar na dawo, don kankare yana bukatar kwana 28 kafin ya cika ƙarfinsa. A tsakani ɗan kawuna ya je Ƙofar Ruwa ya sayo ƙarfen. Yawancin bim da ke kasuwanninmu daga waje ake shigo da shi, ko a ciro daga rusassun masana'antu. Ajaokuta da aka fara ginawa tun 1979 tare da Tarayyar Sobiyat har yau ba ta narka ƙarfen da aka gina ta dominsa ba, masana'antar Katsina kuwa rodi da waya aka kafa ta ta yi. Abin yana ci mini rai duk lokacin da na tsaya gaban ƙarfen da babu mai iya gaya mini inda aka ƙera shi. Amma akwai shaidar da ba ta bukatar takarda. IPE 200 na gaskiya kilo 22.4 ne kowace mita, sanda mai mita 6 kilo 134 ke nan. Kaurin leɓensa milimita 8.5, na bangon tsakiyarsa 5.6. Na ce masa kada ya yanka sai ya auna. Ya kai shi sikelin masu sayen masara, ya nuna 132. Da ya nuna 110, da sunan ne kawai na 200.

Aikin dattijon ya burge ni. Kowane ginshiƙi kankare ne da rodi, da gindi mai faɗi a cikin ƙasa, an binne farantin ƙarfe a kansa da kusoshi huɗu. Bim ɗin an ɗaure shi da noti, ba a bar shi zaune kawai ba, an kuma kama leɓensa na sama a kowane ƙarshe da angul don kada ya kife. Kan ginshiƙin ciki an riƙe shi da angul biyu zuwa bango. Ya daidaita ƙarshen biyu da tiyon ruwa irin na magina. A kowane ƙarshe ya ɗaura tokare da noti don kada keke ya fice. Yaronsa ya so ya huda leɓen ƙasa da wutar walda don rataye fitila, ya kwaɗe masa hannu. Keken ma sai da aka ƙara masa wasa a kan sandarsa har tayoyinsa suka zauna daidai faɗin leɓen, da ɗan sarari kaɗan kowane gefe.

Na gaya wa ɗan kawuna abu biyu a gaban yaransa, don su ji. Ba a jan kaya daga gefe, a kawo mota ƙarƙashin ƙugiya, domin ƙarfen nan sama da ƙasa aka lissafa shi. Ranar kuma da ya so inji mai lantarki, ko tan biyu, ko rata ta ƙaru, wannan kwalin taliyar ya gama aikinsa, a nemo injiniya mai rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN ya zo ya duba ya sa hannu.

Saura gwaji. Ƙa'idar ita ce a ɗora abin da ya fi lambar da kashi 25 cikin ɗari, kilo 1,250. Maƙwabcinsa mai sayar da siminti ya ara mana buhu 25, kowanne kilo 50. Aka jera su a kan wani ƙaƙƙarfan faranti, aka zagaye da sarƙa, aka kawo keke tsakiya. Na ɗaure zaren magina daga kan ginshiƙi zuwa kan ginshiƙi, daidai da ƙasan leɓe, na hau tsani a gefe da rula a hannu. Aka kori yara waje. Masu rake da ke wucewa suka tsaya a ƙofa.

Ɗan kawuna ya yi bisimilla ya fara ja. Sarƙar hannu na ƙara cakar-cakar, babbar ta miƙe ta yi tauri, ƙurar siminti ta tashi. Farantin ya rabu da ƙasa kamar faɗin yatsu huɗu, na ce ya tsaya nan. Shagon ya yi tsit. Na kara rula a jikin zaren, milimita 4. Muka bar shi a rataye minti goma, dattijon yana zagaya ginshiƙan yana shafa su da tafin hannu yana neman tsaga. Aka gungura keke a hankali zuwa wannan ƙarshe, aka mai da shi wancan. Sannan aka sauke. Na sake kara rula, leɓen ya koma kan zaren daidai inda ya taso.

Dattijon ya karɓi gwangwanin jan fenti ya hau tsanin da kansa, ya rubuta TAN 1 a bangon bim ɗin da manyan baƙaƙe, ta gaba da ta baya. Guntayensa biyu na 120 suna jingine a kusurwa, ya ce ƙafafun teburin aiki za su zama. Kafin la'asar an turo wata tarakta daga wajen Zarewa, kulocinta ya ƙone, aka tsai da ita ƙarƙashin ƙugiya, yara suka fara kwance notocin da suka haɗa inji da giyabos.